HATSARIN JIRAGEN RUWA A JIHAR NEJA: INA AKA KWANA DA BINCIKE?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron reshen jam'iyya na unguwar Kpakungu, a Minna. Mun buga shi gaba ɗaya domin amfanin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu.

Ya shugaban wannan taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwa da kuka zo ganin gida daga Kurmi, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma roƙonku ku tattaro hankalinku wuri ɗaya, domin maganar da aka ɗora mini yau maganar rai ce.

An umurce ni in yi bayani a kan hatsarin jiragen ruwa da ke ta cinye jama'armu a Kogin Kwara da tafkunan wannan jiha, da kuma binciken da gwamnati kan ce za ta yi a duk lokacin da abin ya auku. Watakila wani ya ce, me ya haɗa Kpakungu da jirgin ruwa, alhali kuwa ba mu da kogin da ya isa a sa jirgi? To, daga shataletalen nan namu hanyar Bida ta tashi, ita ce kuwa ke kai mutum Katcha da Mokwa da Jebba, har ta sada shi da Ilori da Badun da Ikko. Da yawa daga cikin waɗanda ke shiga mota a tashar nan, ƙarshen tafiyarsu a bakin ruwa yake. Har wa yau, Minna ce mazaunin Gwamnatin Jiha, a nan kuma hedkwatar hukumar HYPPADEC take, watau hukumar da aka kafa domin raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwansu. Saboda haka idan za a yi tambaya, nan ne wurin yin ta.

ABIN DA YA AUKU

Bari in fara da tuna muku abin da ya auku, shekara bi shekara, domin mantuwa ita ce babbar abokiyar sakaci.

A watan Satumba na 2013 jirgi ya kife kusa da Malale a ƙasar Borgu, mutum fiye da 40 suka rasu. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Lokon Minna ya nufi Wara ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150 da babura da buhuna, ya tsage a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A watan Yuni na 2023, 'yan biki da suka taso daga Egboti ta wannan jiha za su koma ƙasar Patigi ta Jihar Kwara cikin tsakar dare, jirginsu ya daki itace ya dare, mutum fiye da 100 suka halaka. Ba a yi wata uku cur ba, ranar 10 ga Satumba, jirgin manoma da za su gona ya nutse a yankin Gbajibo, tsakanin madatsar Kainji da ta Jebba, aka tsamo gawa aƙalla 24.

Sa'an nan sai daren 1 ga Oktoba, 2024, ranar da ƙasa ke bikin cika shekara 64 da samun mulkin kai. Jirgin katako ya taso daga Mundi ya nufi Gbajibo, ɗauke da masu taron Mauludi kusan 300, yawancinsu mata da ƙananan yara, ya kife bayan sallar isha'i. Aka ceto kimanin 150. Gawarwakin da aka tsamo cikin 'yan kwanaki sun haura 40, ban da waɗanda ruwa bai mayar ba. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara kuma, 'yan kasuwa da suka taso daga Jihar Kogi za su ci kasuwar Katcha suka gamu da irin wannan ajali, aƙalla mutum 27.

Ku lura da inda waɗannan bayin Allah za su. Kasuwa, gona, biki, Mauludi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fita yawon shaƙatawa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

DALILAN BA ƁOYAYYU BA NE

Jama'a, abin da ke kifar da jirgi a ruwayenmu, kowane masunci ya san shi tun kafin a naɗa kwamiti.

Na farko shi ne abin da ke ƙarƙashin ruwa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye ƙasa mai tsawon kilomita fiye da 130, ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutum kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Dazuzzukan da ruwan ya rufe ba a sare su duka ba. Aka ƙara madatsar Jebba a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙara ta Shiroro a 1990. Kututturan nan suna nan tsaye har yau. Idan ruwa ya ja baya matuƙi yana ganinsu ya kauce, idan kuwa ya cika sai su ɓuya ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, jirgi mai inji ya zo a guje ya hau kansu. Daɗin daɗawa, ruwan ya raba mutane da gonakinsu da kasuwanninsu da danginsu. Inda kakanni suka taka da ƙafa, jikoki sai da fito.

Na biyu shi ne lodi. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Idan an wuce wannan iyaka, sai gefensa ya sauka har tsakaninsa da ruwa ya zama bai fi tafin hannu ba. A wannan hali ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi, ko kuwa fasinjoji su firgita su karkata gefe ɗaya, shi ke nan. Idan inji ya mutu a tsakiyar kogi kuma, ruwa ya juya jirgin ya buge shi ta haƙarƙari.

Na uku shi ne tafiyar dare. Matuƙi ba ya ganin kututture, masu ceto ba sa ganin wanda ke nutsewa, mutanen gari kuwa suna barci. Na huɗu shi ne tsufan jiragen, katako ya ruɓe, ana ta toshe kafa da tsumma ana kwarfar ruwa da kwano. Na biyar shi ne rashin rigar ruwa, watau rigar nan da ke hana mutum nutsewa ko da bai iya iyo ba. Ku dubi mace da goyo a baya, zane ya jiƙe ya naɗe mata ƙafa, a cikin duhu. Ko ta iya ruwa, ina za ta kai?

Amma fa akwai dalilin da ya haifi waɗannan duka, shi ne rashin zaɓi. Mai jirgi kuɗinsa bisa kan mutum yake, man fetur kuwa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a 2023, saboda haka sawu ɗaya mai nauyi ya fi masa sawu biyu. Fasinja kuma ya san in wannan jirgi ya tafi babu wani sai gobe, kasuwa kuwa ba ta jira. 'Yan bikin Egboti, ruwan sama ne ya ɓata musu hanyar ƙasa, suka koma ta ruwa. Duk binciken da ya tsaya a kan laifin matuƙi, bai tambayi dalilin da ya sa mutum 300 suka rasa abin hawa sai jirgi ɗaya ba, to, ya sare reshe ne ya bar saiwa.

ABIN DA GWAMNATI TA YI

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi abin da aka yi. Tun 1997 akwai hukumar NIWA, mai hedkwata a Lokoja, wadda doka ta ɗora wa kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, masu tsawon kilomita kimanin 10,000. A 2022 aka yi dokar da ta kafa hukumar NSIB, aka ba ta ikon binciken hatsarin jirgin sama da na ƙasa da na ruwa. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da ruwaye, aka naɗa Adegboyega Oyetola minista. Aka kuma fito da ƙa'idojin sufurin ruwa, waɗanda suka hana tafiyar dare da wuce iyakar lodi, suka wajabta sa rigar ruwa da rajistar jirgi.

Bayan hatsarin Satumba na 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umurni a yi cikakken bincike. Bayan na Mundi a 2024, ya sake umurtar NIWA ta binciki yawan hatsarin nan a Jihar Neja da sauran sassan ƙasa. A watan Fabrairu na 2025 minista ya naɗa kwamiti na musamman a ƙarƙashin shugaban NIWA na lokacin, Bola Oyebamiji, kwamitin kuwa ya miƙa rahotonsa cikin wannan shekara, ɗauke da shawarwari 64. Daga ciki akwai horar da matuƙa da ba su takardar shaida, da tsara fasalin jirgin da ya halatta ya ɗauki fasinja, da kafa tashoshin ceto. A watan Afrilu na 2025, a nan Minna, aka ƙaddamar da rabon rigunan ruwa 42,000 ga jihohi 12, kowace jiha 3,500. Ita ma HYPPADEC ta raba nata rigunan, ta kuma sa hannu a aikin cire itatuwa daga ruwa.

Madalla da wannan. To, amma mu yi lissafi. Riga 3,500 ba ta ishi jirage 12 irin na Mundi ba, jihar nan kuwa tana da kwata tun daga Borgu har Lapai, tun daga Shiroro har Muregi. Kuma wata uku bayan bikin rabon, a watan Yuli, jirgin 'yan kasuwa da za su Zumba ya kife a tafkin Shiroro, aƙalla mutum 13 suka rasu. A farkon Satumba kuma wani ya taso daga Tungan Sule da masu zuwa ta'aziyya Dugga, ya daki kututture a Gausawa ta ƙasar Borgu, aƙalla 29 suka tafi. Yankin da aka yi kuka a 2013, nan aka sake yi a 2025.

Ina tambayar wannan zaure: wa ya taɓa jin an karanta shawarwarin nan 64 a rediyo da Hausa ko da Nufanci? Wane matuƙi a kwatar Malale ko ta Katcha aka zaunar aka gaya masa abin da ke ciki? Rahoton da ya kwana a ofis, bai sauka bakin ruwa ba, ihu ne bayan hari.

DARASI DAGA WAJE

Bincike yana da amfani idan an bi shi har ƙarshe, tarihi kuwa shaida ne. A watan Afrilu na 1912 babban jirgin nan Titanic ya daki dutsen ƙanƙara a Tekun Atlantika, mutum fiye da 1,500 suka mutu. Kwana huɗu bayan nutsewarsa Majalisar Dattawan Amurka ta soma sauraron shaidu a bainar jama'a, Ingila ma ta yi nata a ƙarƙashin alƙali Lord Mersey, ta fito da rahoto a ƙarshen Yuli. Aka gano cewa jirgin da ke ɗauke da mutum kimanin 2,200, ƙananan jiragen cetonsa guda 20 ne, masu ɗaukar mutum 1,178 kacal, kuma abin mamaki bai karya dokar lokacin ba. Watau ita dokar ce gurguwa. Daga nan ƙasashe suka taru a London suka sa hannu a yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, wadda ta ce kowane rai a jirgi sai an tanadar masa wuri a jirgin ceto. An yi ta sabunta ta har zuwa ta 1974, wadda duniya ke aiki da ita. Amma ku sani, wannan yarjejeniya ta manyan jiragen teku ce. Jirgin katako na Kogin Kwara ba shi da mai kare shi sai dokarmu ta gida.

Misali na biyu daga maƙwabta yake. Ranar 26 ga Satumba, 2002, jirgin gwamnatin Senegal mai suna Joola ya taso daga Ziguinchor ya nufi Dakar, ya kife a gaɓar Gambiya. An gina shi domin mutum ƙasa da 600, amma lissafin hukuma ya nuna mutum 1,863 suka mutu, 64 kawai suka tsira. An yi bincike, ministan sufuri da na soja suka sauka, Shugaba Abdoulaye Wade ya sallami firayim minista. A 2008 aka kawo sabon jirgi, aka tsananta sayar da tikiti da ƙidayar fasinja. Amma a 2003 an rufe shari'ar, aka ɗora laifin a kan matuƙin da ya mutu tare da jirginsa, iyalan mamatan kuwa har yau suna ganin ba a yi musu adalci ba. Mu ɗauki gyaran da suka yi, mu guji ɗora wa mamaci kaya don rayayyu su huta.

A gida ma an ga yadda ake yi. Ku mazauna Anaca da Asaba kun tuna hatsarin watan Afrilu na 2024, wanda ya ci wani fitaccen ɗan wasan kwaikwayo da abokan aikinsa. Cikin 'yan makonni NSIB ta fito ta gaya wa duniya cewa matuƙin ba shi da takardar shaida, jirgin kuma ba shi da rajista. Irin wannan bayani muke so a yi wa mutanen Mundi da Wara da Gausawa, domin ran matar manomi da ran ɗan wasa nauyinsu ɗaya.

ABIN DA MUKE NEMA

Da farko, a buga rahoton kowane bincike, a fassara shi da Hausa da Nufanci da sauran harsunan bakin kogi, a karanta a rediyo. Gwamnati ta fito da takardar matsayinta, ta faɗi shawarar da ta karɓa, da ofishin da zai aikata, da ranar da zai gama, da kuɗin da aka ware.

Na biyu, mai kula da hanya daban, mai bincike daban. NIWA ita ke ba da rajista, ita ke sa ido a kwata. Idan jirgi ya kife, tana cikin waɗanda za a yi wa tambaya, ba a kuwa sa mutum ya yi wa kansa alƙalanci. A ba NSIB kuɗi da ma'aikata ta yi wannan aiki, tun da domin haka aka kafa ta.

Na uku, a rubuta sunan duk wanda ya shiga jirgi. Kun lura duk alkaluman da na ba ku sai na ce kimanin, ko aƙalla. Dalili shi ne babu wanda ya ƙidaya su lokacin da suka shiga. Littafi da alƙalami a kowace kwata ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, wanda ya rubuta suna na 100 a jirgin mutum 100 kuwa ya san lokacin rufe littafi ya yi.

Na huɗu, a mayar wa sarakunan ruwa da martabarsu. Tun kafin zuwan Turawa, Kuta na Muregi, sarkin Nufawan bakin ruwa, shi ke da iko da jiragen fatauci a wannan yanki na Kwara, kamar yadda kowane mafito a ƙasar Yawuri da Borgu yake da mai faɗa a ji. Jami'in da aka turo daga Lokoja ba zai kwana a kowace kwata ba, amma Sarkin Ruwa a nan yake kwana. A ba shi ikon hana jirgi tashi, a ba shi albashi, a kuma tuhume shi idan ya yi sake. Duk wanda aka tsamo a Mundi da Wara, masunta da gwanayen ninƙaya na ƙauye ne suka fara kai masa hannu. A horar da su, a ba su jirgi mai inji da fitila.

Na biyar, a ba jama'a zaɓi. A cire kututture a lokacin da ruwa ya ja, a kafa alamu a hanyar jirgi. A ba ƙungiyoyin matuƙa rance mai sauƙi su sayi jirage masu ƙwari. A sa jirgin hukuma ranar kasuwa da lokacin Mauludi da Salla, a gyara hanyoyin ƙasa da ke zagaye tafkunan. Yankin da ke ba ƙasa wuta daga Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ya cancanci wannan, ba alfarma ba ce.

RABONKU, MAZAUNA KUDU

Yanzu sai gare ku, 'yan'uwa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da sauran zanguna. Kun fi kowa sanin zafin wannan abu, domin ku ne ake bugo wa waya da tsakar dare, ku kwana a mota, ku iso an riga an binne.

Ku da ke Ikko kun ga yadda ake yi a manyan tashoshin ruwa na can, inda jihar ta kafa hukumarta tun 2008: ba ka shiga sai da riga a jikinka. Kun kuma ga abin da ke faruwa idan an karya doka, domin a jajibirin Babbar Salla ta 2022 jirgin da ya taso daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan faɗuwar rana ya kife da mutanensa. Maganarku tana da nauyi a gida, domin kun gani da ido, kuma ku ke aiko da kuɗin cefane. Idan za a yi biki ko Mauludi a ƙauyenku, ku sa kuɗin sawu biyu a cikin gudummawarku, ku kafa sharaɗi a dawo da rana ko a kwana. Ƙungiyoyinku na gari da ke tara kuɗin gina masallaci da rijiya, su sa rigunan ruwa a cikin lissafi, har da ƙanana na yara, a damƙa su ga Sarkin Ruwa a gaban shaidu. Sarakunan Hausawa na garuruwanku su rubuta wa 'yan majalisar mazaɓunku na gida, su nemi a kawo rahoton 2025 gaban majalisa a tattauna. Ranar da ɗan takara ya zo zangonku neman goyon baya, ko na jam'iyyarmu ne, ku tambaye shi shawara nawa cikin 64 aka aikata.

Na san wani zai ce, ai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a gado sai ya tafi. Haka ne, babu Musulmin da ke musun wannan. Amma malamanmu da ke zaune nan sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi, kuma kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su. Wanda ya zuba mutum 300 a jirgin katako cikin dare, da wanda aka ba amanar hana shi ya kau da kai, kowannensu yana da tambayar da zai amsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Damina na zuwa kowace shekara, ruwa zai cika, kututture zai ɓuya, kasuwar Katcha da ta Wara za su ci. Aikin da za a yi, yanzu ne lokacinsa.

Ya shugaban taro, ina roƙon wannan reshe ya rubuta waɗannan buƙatu biyar ya miƙa su ga uwar jam'iyya ta jiha, a kuma sa ranar da za mu sake zama mu ji amsa.

Allah ya gafarta wa waɗanda suka riga mu, ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa, ya mayar da ku wuraren sana'arku lafiya.